Komai Nawa Ne Ban da Ido

Bulus, da kai nake, kai da duk 'yan ajin matasa da suka yi dariya ran Lahadi a mamak, gidan abincin nan, lokacin da ka ce sana'ata wasan laka ce, wai in aka ba ka na'urar nan mai buga siffa za ka gama aikina na shekara kafin gurasar roti ta huce. Na ƙyale ka a ranar saboda bakina cike yake. Yanzu na haɗiye. Ku gyara zama, tsohuwa za ta yi magana. Shekarata goma sha tara, biyar daga ciki a gaban yumɓu na yi su, kuma a wannan sana'a kowace shekara uku take ci. Bayana yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. In na yi atishawa siminti ke fita. Wani likita ya taɓa duba tafin hannuna, ya tambaye ni ko ni kaɗai na gina tashar jirgin KL Sentral.

Ga waɗanda suka zo daga gida kwanan nan: ni ce Kande, 'yar Malama Rahila mai koyar da aikin jinya a unguwar Bukit Jalil. Ni ce wadda ake nuna wa yara da leɓe a coci a ce, “Waccan ce mai gumaka.” An taɓa kusan raba ni da bencin aikina, kuma labarin da zan ba ku ke nan. Amma sai kun fara sanin bencin tukuna.

Shagon Ankul Velu yana unguwar Brickfields, bayan masu saƙa furanni, a wani lungu da in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya riƙe numfashi. Aikinmu shi ne kwaikwayon sassaƙen da aka yi a jikin haikalan Hindu na ƙasar Indiya tun zamanin da sarakunan can ke gasar wanda zai fi ɗan'uwansa tara dutse, kusan shekara dubu da ta wuce. Su da dutse suka yi. Mu da yumɓu muke farawa, mu zuba roba a kai ta zama mazubi, mu cika mazubin da siminti ko filasta, sannan a goge, a gyara, a shafa launi. Masu sayenmu su ne haikali, makarantun rawa, otal, zauren biki, da attajiran da ke son baƙo ya fara jin tsoro tun daga get.

Kunne ne aikina na farko. Kavita, jikar Ankul, ajinmu ɗaya a makaranta, Mama kuwa ba ta tashi aiki da wuri, don haka a shagon nake jiranta. Ranar da na fara shiga na ga wani mutum-mutumi mai hannu takwas, na ce wa Kavita wannan in ya je ɗinkin riga tela zai tsallake taga. Kavita ta yi dariya. Kakanta bai yi ba. Ya gutsuro yumɓu kamar girman ƙwai ya ajiye a gabana.

“Ponnu,” ya ce, haka yake kirana, wato yarinya da yarensu. “Tunda bakinki ya iya, yi mini kunne.”

Na yi kunne. Ya ɗaga shi sama, ya juya, ya sake juyawa, ya sunsuna.

“Karipap,” ya ce. Wannan ɗan soyayyen abin nan mai naɗe da dankali da ake sayarwa a bakin titi. Ya murƙushe shi ya dawo mini da dunƙulen.

Karipap ɗin da na yi a wannan wata zai ciyar da unguwar Wangsa Maju kaf har da masu gadi. Da kunnen ya fara kama da kunne, sai aka ƙara mini girma, aka ba ni rariya. Na tankaɗe yashi har na fara ganinsa a shinkafa. Na kwaɓa yumɓu da ƙafa. Na wanke bokiti. Na lanƙwasa wayar da ake sawa a cikin hannun mutum-mutumi don kada ya karye, har yatsuna suka daina buɗe wayar salula, domin ta daina gane su. Bayan wannan duka aka ba ni yatsu. Yatsu kawai, ba tafin hannu ba. Kun san yatsa nawa ke jikin mai hannu takwas? Ku lissafa, ku ne 'yan jami'a. Kuma kowane hannu magana yake yi. Tafin da aka ɗaga yana cewa kada ka ji tsoro. Wanda aka saukar yana cewa karɓi kyauta. In ka lanƙwasa yatsa ɗaya ba daidai ba, ka sa abin bautar mutane ya tsayar da tasi.

Kayan aikinmu ba su da kwarjini. Tsinken gora da Ankul ke feƙewa da kansa, cokalin magina, buroshi, sanfefa, tsohon buroshin haƙori. Wanda ya fi duka daraja a bakin hanya ake tsinko shi: ganyen kwakwa. Ankul zai yage siriri ɗaya, ya yanke shi daidai tsawon abin da za a yi, ya ninka shi gida-gida daidai wa daida. Kowane ninki tsawon fuska ɗaya ne. Manyan allolinsu tsawon fuska goma ne daga sama zuwa ƙasa, na mata tara, mu talakawa takwas, gajerun nan masu tumbi da ke riƙe da ginshiƙi kuwa abin da ya samu. A cikin ruwa ake ajiye ganyen don kada ya bushe ya tsuke, in ya tsuke an rage wa wani daraja ke nan. Muna da tef ɗin awo, ba wai ba mu da shi ba. Da shi muke ɗaure ƙofar banɗaki.

Allon farko da aka bar mini gaba ɗaya ƙarami ne, na wani otal. Sarki zaune a karaga, zakoki biyu a ƙarƙashi, mata biyu a tsaye suna kaɗa masa wutsiyar korar ƙuda, wata tsohuwa a gefe da tire, sai laima a saman kansa. Na duba hoton da nake kwaikwaya, na ga rashin adalci. Ƙato yana zaune, ga kambi a kansa mai tsawon turmi, tsohuwa kuma tana tsaye a rana. Gidanmu ba a yin haka. Na gusa laimar ta koma kan tsohuwa.

Ankul ya daɗe yana kallo.

“Ponnu,” ya ce, “kin yi juyin mulki.”

Ranar na koyi cewa babu abin da aka sa a waɗannan alluna don ado. Laima ba ta san rana ba, wanda yake ƙarƙashinta shi ne mai ƙasar. Wutsiyar ba don ƙuda ba ce. Zakin da ke ɗauke da kujera yana gaya wa maƙwabta su shiga taitayinsu. Masassaƙan da sun yi wa allolinsu kayan sarakai, kambi da karaga da 'yan fada, sarakan kuma suka ari tsayuwar allolin, har ba ka gane wa ya ari na wa. Kuma sarakunan nan wayo gare su. Sau da yawa sarki ba ya cewa a sassaƙa shi yana cin yaƙi. Sai ya sa a sassaƙa abin bautarsa yana yin wani gagarumin aiki a bangon da kowa zai wuce, ya bar mutane su ƙarasa lissafin da kansu.

Nan alade ya shigo. Sunansa Varaha. A labarinsu, wani mugu ne ya sace duniya ya nutsar da ita a ƙarƙashin teku, sai Vishnu, ɗaya daga manyan allolinsu, ya zama ƙaton aladen daji, ya nutsa, ya ɗauko ta a kan haurensa. A sassaƙe jikinsa na jarumi ne, kansa na alade, da kambi. Ƙafa ɗaya tana kan sarkin macizai mai kawuna da yawa, duniya kuma 'yar siririyar mace ce da ke zaune a kafaɗarsa tana dafe da haure. Duk sarkin da ya ƙwato ƙasa daga hannun abokan gaba, wannan hoton yake so a bangonsa, wasu har a tutarsu. Ma'anar ita ce: ƙasar nan ta nutse, ni na tsamo ta. A gida in ka ce wa mutum alade sai an raba ku. A can sarki ne ke roƙon a kwatanta shi da shi. Wani ɗalibi mutumin Kano ya taɓa shigowa neman tsarabar da zai kai wa malaminsa Ba'indiye, na nuna masa ƙaramin Varaha da zuciya ɗaya. Da baya-baya ya fita har titi yana ba ni haƙuri. Daga ƙarshe zaki ya saya, muka rabu lafiya.

To, shekarar ruwa. Duk wanda yake garin nan a lokacin ya san shekarar da nake nufi. Muna cikin aiki mafi girma da shagon ya taɓa samu tun zuwana: allon Varaha da ya fi ƙofa tsawo, na sabon zauren wata makarantar rawa. An gama shi a yumɓu, ba a kai ga zuba roba ba. Yumɓun da bai bushe ba kuwa, da shi da ruwa kamar sukari da shayi ne. Da rana tsaka kogi ya shigo lungunmu ba sallama. Kafin mu kwashe buhunan siminti ya kai gwiwa. Aladen yana manne da katako, mutum shida ba za su ɗaga shi ba, muna kallo ƙafafunsa suka fara narkewa. Amma macen, duniya, dabam aka yi ta, ba a riga an manna ta ba. Ita ce aikin da Ankul ya fi daɗewa a kai. Na saɓa ta a kafaɗa na nufi matakalar bene, ruwa har cinya.

Wani mai furanni da ke tsaye a kan teburinsa ya ɗauke ni hoto. Ku da kuka gan shi kun sani. Ga ni cikin ruwa, mace a kafaɗar hagu, ƙafata ɗaya a kan tiyo da ya naɗe kamar maciji, bakina a buɗe haƙora a waje saboda nauyi. Haure kawai ya rage. Brickfields kaf ta haukace da hoton. Wata tsohuwa ta rataya mini furanni a wuya. Mai shayin kan kwana har yau in na wuce sai ya yi gurnani.

Da ruwa ya janye, sai aka ga ɓarna. Mazuban da aka tara tun zamanin baban Ankul sun cika da taɓo, robar wasu ta ruɓe. Ma'aikata biyu da muke da su suka koma kai abinci a babur, ban ga laifinsu ba. Masu oda suka ɗauke ƙafa, kowa na gyaran nasa gidan. Ankul ya kwanta rashin lafiya, da ya tashi kuma hannunsa na dama ya tashi da rawa. Makarantar rawa kaɗai ta ce za ta jira, amma ba har abada ba. Aiki ɗaya ya rage tsakanin shagon da kwaɗo, kuma hannu biyu masu lafiya suka rage a ciki. Nawa.

A daidai wannan lokacin hoton ya isa wayar matan zumunta na cocinmu.

Anti Saratu, shugabarsu, ta biyo mu gida bayan sujada. Ko jaka ba ta ajiye ba.

“Rahila, kin ga wannan?” Ta miƙa wa Mama waya. “Ruwa ya zo, mutane na ceton yara da tsofaffi, 'yarki na ceton gunki. A kafaɗa. Kamar amarya.”

“Anti, yumɓu ne,” na ce. “In na bar shi narkewa zai yi.”

“Ya narke mana. Wa ya aike ki?”

“Anti, ai ɗanki har ƙofar haikali yake kai tapau, abincin oda, a babur, ban ji an ce ya canza addini ba.”

Mama ta dube ni. Kun san kallon. Kallon da ke sa shinkafa ta dahu ba wuta.

“Ba ni kaɗai ke magana ba,” Anti Saratu ta ce. “Kuma ke ce mai karatun Littafi ran Lahadi mai zuwa. Ki yi tunani.”

Bayan ta tafi Mama ta wanke kofuna, ta goge, ta jera. Sannan ta ce, “Gobe zan zo shagon da kaina. Ki tattara abin da yake naki.”

Ban tattara komai ba. Da ta zo ina kan tsani, ina gyara sabon haure, laka har gira. Ta tsaya a bakin ƙofa da fararen takalmanta na aiki tana neman inda za ta taka. Ankul ya taso ya sa aka kawo shayi, ya ce, “Madam, zauna lah, makan tukuna,” wato ta ci wani abu. Ta ce ta ƙoshi. Ta ce ta gode da yadda ya riƙe mata 'ya, amma su Kirista ne, kuma an hana su yin abin da za a yi wa sujada.

Ankul bai yi musu ba. Ya ce ta biyo shi. Ya bi da ita gaban duk abin da ya tsira a shagon, ya ce ta dubi fuskokin. Ta duba. Kowanne da hanci, da leɓe, da gira, amma idon sumul, kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare.

“A wurinmu, Madam, ido ne ƙarshe,” ya ce. “Kafin a buɗe ido, wannan siminti ne. Ki zauna a kansa, ki shanya wanki, ba komai. In na haikali ne, can ake buɗewa, da allurar zinariya, da limamai. In na zaure ne kamar wannan, a nan nake yi. Amma ko na zaure, mai shago ne ke yi. Babana ya yi, kakana ya yi.”

“Ita fa?” Mama ta ce, tana nufina.

“Ba ta taɓa ba. Kunne dai ta iya. Yanzu.”

Mama ba fuskokin take kallo ba a lokacin. Kofin da ke hannunsa take kallo, yadda shayi ke tsalle yana zuba a farantin.

“Tun yaushe hannun nan yake haka?”

“Ba komai lah, Madam, sanyi ne.”

“Ban tambaye ka ko mene ne ba. Tun yaushe? Ina magungunanka? Wa ya ce ka daina sha?”

Matar da ta zo ƙwace 'yarta sai ga ta tana yi wa dattijo faɗa kamar ɗalibin da ya manta safar hannu. Ta sa ya matse mata yatsu, ya ɗaga hannu, ya taɓa hanci. Da ta gama ta juyo gare ni a kan tsani.

“Ki yi hannu, ki yi ƙafa, ki yi hauren. Tunda shi da kansa ya ce siminti ne, ni ma na ɗauke shi siminti. Amma ranar da kika taɓa ido, ranar kika bar nan. Ba zan sake faɗa ba.”

Na ce na ji. Ankul ya ce ya ji. Dukanmu uku muka ƙi kallon hannunsa, domin dukanmu mun san hannun nan ko layi a yashi ba zai ja daidai ba. Allon da ba ido kuwa ba mai karɓa.

Sake gina aladen ya ci mini duk hutun makaranta. Ankul na zaune a kujera da ganyen kwakwa a cikin kwano, ni ina sama. Shi ne kai, ni ce hannu. “Ƙara ƙirji. Wannan ƙirjin mai tura baro ne, ba na mai ɗaukar duniya ba.” In ƙara. “Gwiwar ta yi laushi, maciji zai tashi.” In rushe in sake. Kawunan macijin kaɗai sun sa na daina cin taliya. Mama kuma ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Duk Asabar da safe sai ta biyo da abin awon jini da ƙwallon roba, ta sa Ankul ya yi ta matsawa. Ba ta shiga ciki. A bakin ƙofa take zama, ta ba aladen baya.

Ana cikin haka shugaban kwamitin makarantar rawa ya zo duba aiki. Mutum ne mai gashin baki kamar tsintsiya da zobe a kowane yatsa. A irin wannan allo akwai ɗan ƙaramin mutum a kusurwar ƙasa, ya durƙusa ya haɗa hannu yana kallon aladen. Wasu sun ce sarkin da ya sa aka yi aikin ne. Shugaba ya daɗe a gabansa.

“Wannan ba shi da fuskar kowa ko?”

“Babu,” na ce.

“To ai ba laifi in ya ɗan yi kama da wani. Kuma ya yi ƙanƙanta. A ƙara masa tsawo kaɗan. Boleh? Zai yiwu?”

Na tsamo ganyen daga ruwa na ɗora. “Takwas yake samu, ranka ya daɗe. In na ƙara masa ninki ɗaya ya kamo duniya, in na ƙara biyu sai aladen ya matsa masa.”

“To laima fa? 'Yar ƙarama.”

“Laima ɗaya ce a allo,” Ankul ya ce daga kujera. “Tana da mai ita.”

Aka daidaita a kan gashin baki da zobe ɗaya. Bayan ya tafi Ankul ya yi dariyar da bai yi ba tun kafin ruwa. Ya ce yanzu na gama karatu, domin na ga abin da masassaƙan da suka gani: shekara dubu, mai oda bai canza ba.

Aka zuba roba, aka cika da filasta, aka ɓare mazubi, na goge har sanfefa ta cinye mini zanen yatsa. Aka shafa launin tsohon dutse. Komai ya kammala, sai ƙwai huɗu: biyu a fuskar aladen, biyu a fuskar duniya. Na 'yan kallo da macizai fenti ne kawai, Kavita ta ɗiga musu. Waɗannan huɗun ne ido.

Ranar buɗe ido ta faɗo Asabar da safe. Motar ɗaukar kaya za ta zo da rana. Ankul ya yi wanka, ya ɗaura farin zane, ya kunna 'yar fitilar mai, ya ɗauko allurar ƙarfe da ya gada. Aikin ba shi da yawa. Da'ira ɗaya a tsakiyar kowane ido, layi ɗaya a ƙarƙashin fatar, sai baƙin launi. Amma filasta ba ta yafiya, in allura ta kauce, an yi alade mai harara har abada. Ya hau benci ina riƙe da shi. Ya ɗaga hannu. Allurar ta fara bugun iska kamar keken ɗinki. Ya sauke, ya huta, ya sake ɗagawa. Ta ƙara sauri.

Sai ya juyo, ya miƙo mini ita ta wajen gindi.

“Ponnu. Boleh.”

Ku gane abin da aka miƙo mini. Allurar nan ba ta taɓa shiga hannun da ba na gidansu ba. Ma'aikacin da ya yi shekaru har ya yi gemu a shagon ko goge ta ba a ba shi ba. Kuma kada wani ya ce ban iya ba. Duk sabulun gidanmu ido ne da shi, domin a kansa nake gwaji, Mama ta sha yin wanka da abin da ke kallonta. Da a ce na karɓa, da kafin harshen fitilar ya lanƙwasa na gama.

Na mai da hannuwana baya na harɗe.

“Ankul, na yi haure, na yi kofato, na yi maciji, na yi gashin bakin shugaba. Ido ba nawa ba ne.”

“Mota na zuwa.”

“Ta zo.”

Muka tsaya a haka, shi da allura, ni da hannu a baya, alade makaho a tsakani. Sai na ji an ajiye jaka a ƙasa. Ban san tun yaushe Mama take bakin ƙofa ba. Ta taka cikin ƙurar filasta da fararen takalmanta.

“Matsa,” ta ce mini.

Ta hau bencin. Ta tallafi gwiwar hannunsa da hagunta, ta kama wuyan hannun da damanta, ta manna kafaɗarta a tasa, daidai yadda take koya wa ɗalibai riƙe majinyacin da za a ɗebi jininsa. Ba ta dubi aladen ba ko sau ɗaya. Jijiyar hannun dattijon take kallo.

“Ja numfashi. Riƙe. Sake a hankali. Yanzu.”

Yatsunsa suka juya. Da'irar ta rufe kamar an ɗora kwabo an zana. Haka suka yi har huɗu, tana ƙirga masa numfashi, yana ja. Da ya ɗiga baƙin launi na ƙarshe, aladen da na yi wata da watanni ina hawa kansa ina cin gyaɗa ya dube ni, sai da na gyara tsayuwa. Mama ta sauko, ta karkaɗe siket, ta ce wa Ankul jininsa ya hau, ya zauna ta auna.

Washegari a coci, Anti Saratu ta tare ta tun a matakala. Labari a garin nan ya fi jirgin LRT sauri.

“Rahila, an ce yanzu har da ke.”

“Hannun majinyaci na riƙe,” Mama ta ce. “Aikina ke nan tun kafin a haifi yarinyar nan. Abin da ya yi da yatsunsa, ga shagon can, ki je ki tambaye shi.” Ta wuce ta hau ta yi karatunta.

Allon yana nan a zauren makarantar rawa, yara na taka rawa a gabansa, shugaba na kai baƙi kusurwar ƙasa yana tari har sai sun lura da gashin bakin. Shagon bai rufe ba. Bencina yana inda yake. Har yau duk abin da ya bar hannuna makaho yake barinsa, kuma duk ranar buɗe ido Asabar ce, saboda ranar ce Malama Rahila ba ta da aji. Masu nuna ni da leɓe su ci gaba, leɓen nasu ne.

Kai kuma Bulus, ka zo ran Asabar. Ka sauka a KL Sentral, ka bi ƙamshin furanni, ka tambayi mai shayi ina yarinyar aladen nan, zai yi maka gurnani ya nuna maka lungun. Na riga na gutsuro maka yumɓu kamar girman ƙwai, yana cikin jiƙaƙƙen tsumma yana jiranka. Kunne ɗaya kawai nake so. Amma ka karya kumallo kafin ka taho, domin karipap za ka yi, kuma irin namu ba ya ciwuwa.